Kwana biyu da zuri'a a lambun bakin kogin Isa: ta ina za a fara?

Tambaya: Wata Hajiya daga Yamai ta rubuto tana cewa: "Mu Adarawa ne, jikoki da tattaɓa-kunnen kaka guda. Mun kai mutum 60, kusan rabi yara ne. Wasu suna nan Yamai, wasu za su taso daga Tawa. Muna son mu yi amfani da hutun 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, mu kwana biyu a waje, a wani lambu ko zango na bakin kogi, da tantuna da tabarmi. Ni aka ɗora wa shirin. Har an fara maganar raguna da anko. Ta ina zan fara, me kuma zan kiyaye?"

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki ikon sauke wannan nauyi. Aikina koyar da taimakon gaggawa ne da shirya wa ƴan makaranta zango a lokacin hutu, da idon wannan aikin zan ba ki amsa. Ki ajiye maganar raguna da anko tukuna. Taron dangi ba ya rasa nama, ko kin yi shiru wani kawu zai kawo. Abubuwan da ba wanda zai tuna da su in ba ke ba su ne wurin da za a sauka, ruwa, ban-ɗaki, da yaron da kowa ya ɗauka yana wajen wani.

Lokacin da kuka zaɓa ya yi daidai. A shekarun nan Sallar Layya tana faɗowa ƙarshen bazara, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, kuma ba zan ba kowa shawarar ya kai tsofaffi da jarirai ƙarƙashin tanti a irin wannan rana ba. Disamba kuwa rana da sauƙi, ba hadari, ba laka, yara sun kusa hutun makaranta. Sai dai Disamba tana da nata halin, kuma mafi yawan mutanen gari ba su san shi ba, domin ba a bakin ruwa suke zaune ba.

Mutane suna ɗauka tunda damina ta wuce, kogi ya janye. A Yamai ba haka abin yake ba. Isa yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ita ce ta jan ruwa, a Agusta da Satumba, wadda koramun Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso. Ita ce ta kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai a Satumban 2020, ta shiga Saga da Lamorde da Kirkisoi. Cika ta biyu ruwan da aka yi ne a duwatsun Gine tun damina, ya bi ta Mali, ya bazu a fadamun Mopti ya daɗe a can, sai ya iso mana watanni bayan nan. Yana hauhawa daga Nuwamba, ya kai ƙololuwarsa wajen Janairu. Ke nan a ranar da za ku shimfiɗa tabarmi, kogin a cike yake, da sanyi, da ƙarfin ja a ƙasa, ko da samansa ya kwanta lumui. Gaɓar da yaro ya taka a watan Mayu ruwa iya gwiwa, a Disamba tana iya shanye babban mutum. Saboda haka sharaɗina na farko: lambun ya kasance da katanga ko shinge mai ƙarfi tsakaninsa da ruwa, da ƙofa guda wadda ake rufewa. In mai lambu ya ce miki "ai yara ba sa zuwa can", ki gode masa ki nemi wani wurin.

Kuma ba kogin kaɗai ba ne. Cikin lambun kansa akwai rijiya marar murfi, da kwatamin siminti da ake tara ruwan ban-ruwa. Yaro ɗan shekara biyu ba ya buƙatar ruwa mai zurfi kafin ya halaka, kuma wanda ruwa ke ci ba ya ihu yadda ake zato, shiru abin ke faruwa, cikin ƴan mintoci, mutane na hira taku goma daga wurin. Ki je da kanki ki zagaya lambun kafin a biya ko dala, ki leƙa kowane lungu, ki sa a rufe rijiya da katako mai nauyi, a kwashe ruwan kwatami ko a kewaye shi. Hoton da aka turo miki ta WhatsApp ba ya nuna waɗannan.

Daga nan sai tsarin yara, wanda a wurina ya fi komai. A taron mutum 60, uwa tana ganin ɗanta na wajen gwaggonsa, gwaggo tana ganin yana wajen kaka, kaka kuwa tana can tana jan carbi. Maganin wannan shi ne a rubuta sunan kowane yaro a takarda, a gaban sunan a rubuta babba guda da zai amsa tambaya a kansa. Babba nake nufi, ba yarinya ƴar shekara goma da aka goya wa ƙanenta ba, ita ma wasa ta zo yi. Sannan a ƙirga yara bayan kowace salla. Salla biyar ta riga ta raba muku yini, ba sai kun ƙirƙiro wani agogo ba: an sallame, a kira suna, kowa ya amsa, a ci gaba da harka. Ƙirgar magariba ita ce mafi muhimmanci, domin a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 da rabi, duhu kuma na rufewa da sauri. Daga wannan lokaci a kulle ƙofar bakin ruwa, makulli a aljihun mutum guda da kowa ya sani.

Samari za su matsa a shiga kwale-kwale, na sani. Ban hana ba, amma da rana tsaka, da matuƙi ɗan wurin da masunta suka shaide shi, da rigar ceto ga duk wanda ya shiga, kuma kada a cika jirgin don a rage kuɗi. Akwai dorina a kogin nan kusa da Yamai, da dare take fitowa kiwo a gonakin bakin gaɓa, kuma mai ɗa ba ta da haƙuri ko kaɗan. Masuntan wurin sun san inda take kwana da inda take fitowa. Ki tambaye su, ki bi abin da suka ce. Wanka a magudanan gonakin shinkafa, irin na Saga da Kirkisoi da Libore, a hana shi gaba ɗaya. Ruwa ne mai kwanciya, a cikinsa dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake rayuwa, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba.

Game da nisa, shawarata ku tsaya cikin iyakar birnin Yamai ko dab da shi. Da can iyalai kan tafi Kure kallon raƙuman dawa, kilomita 60 daga nan, ko su kwana a Tapowa, ƙofar gandun dajin W. Tun harin da aka kai Kure ranar 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe mutum takwas, lissafin ya sauya, kuma sassa da dama na jihar Tilaberi suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017. Ko Bubon, garin magina tukwane da ke kilomita 25 a hanyar Tilaberi, in za a je, a tambayi jandarma halin da ake ciki a makon, a je da rana a dawo da rana. Ayarin motoci cike da mata da yara ba abin gwaji ba ne. Lambunan da ke gaɓa biyu na kogin a cikin gari sun ishe ku, kuma suna da fa'idar da zangon nesa ba shi da ita: asibiti na kusa. In kuna Harobanda, wato tsallaken kogi, ga asibitin Lamorde, in kuna gaɓar tsakiyar gari ga babban asibitin ƙasa. Ki sanar da mai unguwar wurin da ofishin ƴan sanda mafi kusa cewa mutum kaza za su kwana a lambu kaza, don kada wutar da kuka hura da dare ta tayar wa maƙwabta hankali. Mutanen Tawa kuma, tafiyar kilomita kusan 550 ce ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Su taso da sassafe, kowa da katin ɗan ƙasarsa, su iso kwana guda kafin ranar, su huta a gidajenku. Tsohuwar da ta wuni a mota ba za a wuce da ita kai-tsaye kan tabarma ba.

Yanzu ruwa. Masu aikin agaji suna lissafa aƙalla lita 15 ga mutum guda a rana, sha da girki da wanke-wanke. Ku 60 a kwana biyu lita 1,800 ke nan, bido 72 na lita 25. Da jin wannan adadi za ki gane cewa lambun da ba shi da famfo ko rijiyar burtsatse ba naku ba ne, balle mu da ke alwala sau biyar. In akwai ruwa a wurin, a bar shi ga wanka da alwala da wankin kwanoni, a zo da na sha da na girki daga famfon gari. Bido 30 za su ɗauke ku, ki yi magana da ɗan ga-ruwa ko mai mota tun da wuri. A ɗaura wa bidon ruwan sha ƙyalle don a bambanta shi da sauran, a tsiyaya, kada a riƙa tsoma moɗa. In dole ta sa aka sha na rijiya, a tafasa shi ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta, a jira minti 30.

Ban-ɗaki shi ne abin da ake jin nauyin ambata a zaman shiri, shi ne kuma ke korar mata su koma gida tun daren farko. Ƙa'idar ita ce rami guda ga mutum 20. Ku sai huɗu, biyu na mata biyu na maza, nesa da juna, na mata da zana mai tsawo da ƙofar da ke rufuwa da fitila. In za a haƙa sabbi, su yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ba ta ɓangaren da iska ke busowa zuwa wurin girki ba. A ƙofar kowanne a ajiye buta da sabulu da bokitin toka ko ƙasa na rufewa. A zo wa ƙananan yara da fo. Wurin wanka daban.

Abinci ba zan koya miki ba, kin fi ni sani. Kilo guda na shinkafa yakan ishi mutum shida zuwa bakwai in akwai yara a ciki, ki yi lissafinki a kan haka. Abu guda zan jaddada: dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin ƙanƙara ba. Shinkafar rana da aka rufe a kula aka buɗe da dare, da miyar da ta kwana aka ɗumama sama-sama, da salatin da aka yanka da wuƙar da ta yanka kaza, su ne ke kwantar da mutum 20 a dare guda. A dafa daidai ci, a cinye. A yanka rago guda a rana maimakon a yanka duka ranar farko, abin da ya rage a soya shi ƙarau. Dambu da zogale, ƙosai da kunu da safe, kilishi, dabino, biredi, duk suna jure fita. Hura da nono kuwa a dama wadda za a sha nan take.

Amma akwai wata magana a kan tukunyar da nake so ki kai wa manya. A mafi yawan tarukan dangi da na gani, matan da aka auro cikin gidan su ne ke wuni a bakin murhu tun asuba har bayan isha'i, ƴaƴan gida na ƙarƙashin mangwaro suna hira. Ran komawa kowa na cewa an ji daɗi, su kuwa ko kogin ba su gani ba. Wannan ba daidai ba ne, kuma yana barin abu a zuciya. Ko dai a ɗauki masu girki biyu ko uku a biya su daga asusun taro, ko a raba kwanakin gida-gida, kowane ɗaki da nasa lokacin, har da ƴaƴan gida. Gashin nama da ɗebo ruwa da wankin manyan tukwane a bar wa samari. In za ki rage wani abu don a samu kuɗin masu girki, anko za ki rage.

Kuɗin ma haka. A zuri'a guda akwai ɗan kasuwa mai shaguna, akwai malamin makaranta, akwai bazawara mai marayu a Tawa. In aka yanka wa kowane gida kuɗi daidai wa daida, waɗanda aka fi son gani su ne za su ce ba su da lafiya. A bar kowa ya ba da abin da zai iya, a hannun ma'aji guda, ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ga na nesa. A wurin taro a karanta jimillar abin da ya shigo da abin da aka kashe, kada a karanta wane ya ba da kaza. Abu na farko da za a cire daga asusun shi ne kuɗin motar waɗanda ba za su iya biya ba, sannan hayar wuri, sannan ruwa. Da mai lambu kuma a yi magana a fili tun farko. Disamba lokacin noman rani ne, fangalinsa cike suke da salati da kabeji da tumatir, mangwaronsa na shirin fure, kuma yara 30 za su shigo. A ja igiya a nuna inda ba a takawa, a amince da abin da za a biya in an yi ɓarna, a tambaye shi yaushe ya yi feshin magani na ƙarshe, a hana yara tsinkar komai su kai baki.

Dare shi ne inda Disamba ke nuna kanta. Sanyi na sauka wajen digiri 15, a bakin ruwa kuma da iskar hunturu jiki na jin ya fi haka. Kowa ya zo da bargo, yara da hula da safa, tabarma kuma a ɗora mata katifa ko kwali, domin ta ƙasa sanyi ke shiga. Ga gargaɗin da nake so ki maimaita da bakinki a gaban kowa: ba a shiga da gawayi mai ci cikin tanti ko ɗakin da aka rufe, ko na shayi ne, ko na turare, ko don jariri ya ji ɗumi. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kuma in mutum biyu a tanti guda suka tashi da wannan, a fitar da kowa waje nan da nan. Injin wuta ma haka, a ajiye shi can nesa a sarari. Fitilu masu caji da hasken rana sun fi shi, ga shiru. Wurin girki da wurin hira a share ciyawa kewaye da su, a ajiye bokitin yashi da na ruwa, a duba tiyon kwalbar gas da ruwan sabulu kafin a kunna. In yaro ya ƙone, a zuba masa ruwa mai sanyi minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai, ba manja.

Sauro bai tafi hutu ba don damina ta wuce. Kusa da kogi da gonakin shinkafa yana nan duk shekara, don haka kowace shimfiɗa da sangenta, a kafa sanduna tun da rana. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada yaro ya je ban-ɗaki da dare ba takalmi ba fitila. In maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko awarwaro, a tafi asibiti. Saboda irin wannan nake so a ware mota guda cike da mai, hancinta na kallon ƙofa, ba wanda ya tare ta, direbanta kuma ba ya zuwa ko'ina. A rubuta lambobin gaggawa a kwali a rataye: 15 motar asibiti, 17 ƴan sanda, 18 masu kashe gobara, waɗanda su ne kuma ake kira in ruwa ya ci mutum. Akwatin magani ba sai ya yi girma ba: farasitamol na manya da na yara, gishirin zawo na SRO da ake damawa a lita guda ta ruwa mai tsabta, bandeji, maganin wanke ciwo, ma'aunin zafin jiki. Masu hawan jini da ciwon suga da asma kowa ya zo da nasa, ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya kafin mota ta tashi.

Tsofaffi sosai, da mai tsohon ciki, da mai jego, ni ban ga dalilin kwanansu a tanti ba. In lambun na da ɗaki, nasu ne. In babu, a mayar da su gida bayan isha'i a dawo da su da hantsi. Amma kafin a tafi da su, ki ware musu daren farko. Bayan an ci abinci a tara yara gaban mafi tsufa a cikinku, a tambaye ta daga wane gari na Adar kakanku ya taso, wa ya haifi wa, wa ya fara zuwa Yamai kuma me ya kawo shi, su wane ne taubasan su wane. Yaran da aka haifa a nan, da yawansu Zabarmanci da Faransanci sun fi Hausar Adar sauƙi a bakinsu, wasu ba su taɓa ganin ƴan'uwansu na Tawa ba. A sa saurayi guda ya ɗauki muryar a waya, wani ya rubuta sunayen, a tura wa kowane gida. Maganar gado da filaye da auren da aka fasa kuwa, ki roƙi babban kawunku ya sanar tun a buɗe taro cewa ba nan ne wurinta ba, a sa mata wata rana a cikin gida. Daga bakinsa za a ji, daga naki za a ce kin yi shisshigi.

Ran tashi a fara naɗe kaya bayan azahar, a tsince leda duka don kada dabbobin mai lambu su ci, a rufe ramukan ban-ɗaki, a kashe wuta da ruwa har toka ta huce, a ƙirga yara a cikin mota kafin a tayar. Bayan an koma kuma, ki aika wa kowane gida saƙo, har na Tawa: duk wanda ya yi zazzaɓi cikin mako biyu a kai shi asibitin unguwa a yi masa gwajin maleriya, kada a tsaya sayen magani a tebur. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa, ko da bayan wata biyu ko uku ne, a faɗa wa likita cewa ya je bakin kogi, domin tsargiya tana da magani kuma tana warkewa in an kama ta da wuri.